Yaran Gindin Gawo: In Mayar Da Su Aji Ko Su Bi Shanu?

Assalamu alaikum warahmatullah, ƴan uwa maza da mata na wannan zaure. Admin, ina roƙo a saka wannan saƙo ba tare da sunana ba, kuma a bar shi yadda na rubuta shi, kada a yanke wani wuri, domin magana ce mai bin juna, in an cire tsakiya ƙarshen ba zai fahimtu ba. Don Allah ku ba ni shawara. Amma wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, saboda yawancin abin da zai fara zo muku a rai na riga na gwada shi, kuma zan faɗi yadda ya ƙare. Sunayen da za ku gani duka na canza su.

Zan fara da kaina. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar firamare, a nan Dakoro, ɗan kwantaragi, karatuna bai wuce birebe ba, wato takardar gama ƙaramar sakandare, sai ɗan horon koyarwa da aka yi mana kafin a miƙa mana alli. Ba na ɓoye wannan, ba na kuma jin kunyarsa. Ina riƙe da aji huɗu, wanda muke ce wa CE2. Lakwal ɗinmu tana bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, shi ya sa yaranmu iri-iri ne, akwai ɗiyan ƴan kasuwa na cikin gari, akwai ɗiyan manoma daga wata tunga da ke kusa, akwai ɗiyan Fulani daga rugar da ke bayan gonakin, sai ɗiyan Buzaye kaɗan. Ni mutum ne mai son tsari. A ajina layi ake yi kafin a shiga, ana duba farce, wanda ya makara yana tsayawa bakin ƙofa sai na ba shi izini. Yara suna shakkata, abokan aiki suna ce mini jandarma a bayan idona, na sani, kuma bai taɓa damuna ba. Na faɗi wannan ne don ku san ba sakaci ya kai ni inda nake ba.

Da aka koma lakwal bana, kafin in fara darasi sai na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, na ba kowa littafin karatu na ce bismillah. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Wasu suna karanta layi har ƙarshe ba tuntuɓe, wasu suna haɗa baƙi biyu da ƙyar, wasu kuwa, a aji huɗu fa, ko baƙaƙen ba su gama sani ba. Kuma ba wai daƙiƙai ba ne. Ɗan cikin gari yana da yayye a kolej, akwai portabul, wato wayar hannu, a gidansu, yana ganin rubutu a shaguna tun yana goye. Ɗan manomi ba ya zuwa sai an gama ɗaure gero an tsinke wake, ya tarar an yi nisa. Ɗan ruga kuwa sai shanu sun dawo daga arewa, kuma da Fulatanci zalla ya shigo lakwal, Hausa a wurin wasa yake tsintarta, Faransanci a bakin malami, harshe biyu a lokaci guda. Kowace shekara ana tura su gaba saboda ajin baya ya cika ana neman wuri. Suna zaune can ƙurya, ba surutu, ba rigima, suna kwafe abin da ke kan tabulo, babban allon aji, kamar mai zanen ƙwarya, rubutu mai kyau ƙwarai, amma ka ɗora yatsa kan kalma ɗaya ka ce mene ne wannan, sai yaro ya sunkuyar da kai. A cikinsu akwai wanda zan kira Dikko, dogo ne, ya girmi ajin, ban taɓa jin muryarsa ba sai wajen amsa kiran suna. Littafin rubutunsa ya fi na kowa tsabta, kuma ba ya iya karanta ko layi ɗaya daga abin da hannunsa ya rubuta.

Sai na zauna na yi tsari. Na ce kowace safiya, bayan an ɗaga tuta, zan raba ajin biyu na ɗan lokaci, masu iya karatu in ba su aiki su zauna ciki shugaban aji yana kula da su, waɗanda ba su iya ba in fita da su da ardwaz ɗinsu, wato ƙananan allunansu na alli, mu koma tun daga baƙi na farko, sannan a dawo a haɗu a ci gaba da sauran darussa. Dalilin fita waje shi ne, koyon baƙi sai da ɗaga murya, ba ya yiwuwa a ɗaki ɗaya wasu na rubutu wasu na rera ba, be, bi. Inuwa ɗaya ce a farfajiyarmu, wani babban gawo da ke jikin darni, kuma darnin yana bakin hanyar da ke zuwa kasuwar bisashe. Ku riƙe wannan. Na kai wa direkta maganar kafin in fara. Direktanmu Babarbare ne daga gabas, dattijo mai barkwanci, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malami a nan, ya ce mini, "Mushe, in za ka iya bismillah, ni dai kada in ji ƙara a kunnena." Kuma Allah shaida, da na raba yaran ban duba gidan kowa ba, littafi kawai na duba. A gindin gawon nan ranar farko akwai ɗiyan ruga, akwai ɗiyan tunga, akwai Buzaye, akwai kuma ɗiyan cikin gari da dama.

Daga nan matsala ta fara. Cikin ɗiyan gari da na fitar akwai Sani, ɗan wani Alhaji mai fataucin hatsi tsakanin nan da Maradi, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin iyayen yara. Sani yaro ne mai wayo, da leƙen na kusa ya kai aji huɗu, amma karatu babu. Ba a yi mako ba Alhaji ya zo kan moto, bai ma zo wurina ba, wajen direkta ya wuce. Ya ce ɗansa ba zai zauna ƙasa cikin kashin awaki ba, alhali su iyayen cikin gari ne suka haɗa hannu aka ƙera taburban ɗin da ke ajin, wato teburan zama. Direkta ya kira ni ya ce in mayar da yaron ciki. Na ce doka ɗaya ce ga kowa, in na cire ɗaya tsarin ya rushe. Ya ce, "Mushe, kai kwantaragi gare ka, ni kuma saura kaɗan in ajiye aiki, ka bar ni in ajiye shi lafiya." Alhaji kuwa ya ce in ban gane Hausa ba zai je ya yi wa anspekta, mai duba makarantu, bayani da Faransanci. Na mayar da Sani. Bayansa sai mata suka fara zuwa ɗaya-ɗaya da mayafinsu, kowace tana cewa in an mayar da ɗan Alhaji me nata ya yi. Aka mayar da su. Da labari ya kai tunga cewa an kwashe ɗiyan gari, su ma iyayen suka aiko cewa ba su fi kowa son zaman ƙasa ba. Kafin wata ya ƙare, waɗanda suka rage mini a gindin gawo ɗiyan ruga ne da ɗiyan Buzaye, saboda su iyayensu ba sa zuwa lakwal, ba su san abin da ake ciki ba. Na lura da hakan. Na ce a raina ba komai, yara kaɗan sun fi saurin koyo.

Kuma sun koya, wannan shi ne abin da ya sa maganar take ci mini rai. A gindin gawon nan yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara rige-rigen amsa. In ardwaz ta cika sai su share ƙasa da tafin hannu su rubuta da yatsa. In wani ya kasa gane abin da na faɗa, na kusa da shi ya juya masa da Fulatanci, sai ka ga fuska ta washe. Dikko ya fi kowa naci. Daga baƙi ya koma haɗa biyu, daga nan kalma, wata rana motar kaya ta tsaya bakin darni direba yana duba taya, sai na ji yaron nan a hankali yana haɗa abin da aka rubuta a jikin motar, ya kai ƙarshe, ya juyo ya dube ni. Ni ba mai yabon yara ba ne, na ce masa daidai ne, ci gaba da aikinka. Amma ranar na koma gida ina jin kamar an ƙara mini tsawo. Sai dai da aka yi kompozisiyo, wato jarrabawar zango, aka jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kamar yadda aka saba, aka karanta a gaban lakwal duka, har yanzu su ne a ƙasa. Dikko da ba ya samun komai a karatu yanzu ya kusa rabi, amma na gaba su ma ba tsayawa suka yi suna jiransa ba, ga lissafi da sauran darussa da bai kamo ba tukuna. Jerin nan ba ya nuna daga ina yaro ya taso, inda yake tsaye kawai yake nunawa. Wanda ya ji sakamakon a ruga, abin da zai ji shi ne nasu ne na ƙarshe kamar kullum.

Yanzu na zo kan ainihin maganar. Wata ranar kasuwa da safe muna gindin gawo, mutanen ruga suka biyo hanya da bisashensu, a gabansu akwai Ardonsu, wanda kuma baffan Dikko ne. Ya tsaya bakin darni da sandarsa a kafaɗa. Ya dubi yaran a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi tagar aji inda ake hango sauran a kan taburban, ya daɗe yana kallo. Na je na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya ce sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya saka. Ya wuce. Ni na ɗauka yabo ne, har na gaya wa direkta cewa Ardo ya gani ya ji daɗi. Direkta ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ya yi maka fara'a? To shirya." Washegari ko yaro ɗaya bai zo daga ruga ba. Ɗiyan Buzaye su ma da suka ga haka iyayensu suka riƙe su.

Direkta ya aika aka roƙi Ardo ya zo, ya zo da dattawa biyu, aka shimfiɗa tabarma a ofis. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, duk lokacin da mutanen nan biyu suka haɗu sai an yi ta dariya. Direkta ya tarbe shi da cewa ga bawana ya iso, ina nonon ubangidanka, ko ka shanye a hanya. A da Ardo zai rama har da ƙari. Ranar sai ya ce, "Babarbare, yau ka ajiye wasa." Ban taɓa jin an ƙi karɓar wasan nan ba tun da nake. Sannan ya juyo gare ni, bai ɗaga murya ba har ya gama. Ya ce lokacin da aka zo ana roƙonsu su kawo yara lakwal, dattawansu sun ƙi, shi ne ya tsaya ya ce a kawo, ya bi bukka-bukka yana karɓo yara daga bayan maruƙa, saboda an gaya masa a lakwal ɗan Ardo da ɗan Alhaji da ɗan maƙeri duk ɗaya ne. Ya ce ranar kasuwa mutanensa sun gani da idonsu, ɗiyan gari a ɗaki kan katako, nasu a waje a ƙasa bakin hanya kowa na wucewa yana kallo, kuma kafin azahar maganar ta zagaye kasuwar bisashe, har wani ya tambaye shi ko nawa ake sayar da na wajen. Ya ce su a wurinsu ba a ware dabba daga garke sai mai ciwo.

Na ce ya ba ni dama in yi bayani daki-daki. Na fara da yadda na gwada yaran, na bi da yadda na raba su, na faɗi yadda iyayen gari suka janye nasu. Sannan, don in nuna masa na fahimci misalinsa, na ce ai haka ne Baba Ardo, mai ciwo ake warewa a yi mata magani, in ta warke a mayar da ita cikin garke. Ina rufe baki na ga direkta ya runtse ido. Ardo ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Ashe ɗiyanmu ne masu ciwon." Na yi ta ƙoƙarin gyarawa, bai sake bi ta kai ba. Na ce a kawo Dikko ya karanta a gabansa ya ji da kunnensa. Ya ce yaro ba ya ɗaga murya gaban baffansa, kuma ko ya karanta daidai ko ya yi kukan tsuntsu shi ina zai sani, abin da idonsa ya gani shi ya sani, abin da kunnensa ya ji kuma shi ne har yanzu su ne na ƙarshe. Daga nan ya faɗi sharaɗinsa. Ya ce ciyawa ta ƙare, rijiya ta fara ja da baya, nan da kasuwa biyu shanu za su tashi su yi kudu. A al'ada ƴan lakwal ana barinsu wurin tsofaffi da ƴan shanun tatsa har a yi hutu. In na yi alkawari ba zan sake fitar da yaro ko ɗaya daga aji ba, su zauna kan katako a cakuɗe da kowa, zai bar su. In ba haka ba za su bi shanu, kuma ba zai sake bin bukkoki yana roƙon kowa ba. Ƴan uwa, yaro kamar Dikko in ya tafi bana ba zai dawo ba, shekarunsa sun riga sun wuce, badi sanda za a ba shi.

Ga abin da na gwada bayan nan. Na farko, da aka lallaɓi iyayen suka turo yaran a gwada, na ce to a juya, masu iya karatu su fita gindin gawo da aikinsu, masu koyon baƙi su zauna ciki kan taburban. Safiya ɗaya aka yi haka. Kafin a tashi Alhaji ya iso, ya ce wato an kori masu abu an zaunar da baƙi, ya ce in an sake zai aiko da amalanke a kwashe taburban ɗin a kai masallaci, can ma ana buƙata. Direkta ya hana ni maimaitawa. Bayan haka na ce in riƙe yaran bayan an tashi, in ba su darasin a cikin aji babu kowa. Aka ce ba zai yiwu ba, tafiyarsu da nisa, kuma su ne masu shayar da maruƙa da yamma, in sun makara laifin lakwal ne. Na nemi a sake haɗa ɗiyan gari da na tunga a rukunin don kowa ya ga ba ƙabila ake warewa ba, iyaye suka ce sun gama wannan magana. Sai wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, "Kai jandarma, komai sai ka yi shi a fili? Ka ce wa tsohon nan to, in shanu sun tafi wa zai gani?" Ya nuna mini wani tsohon magaza a bayan azuzuwa inda ake tara karyayyun kujeru, ba ya kallon hanya, ya ce in share shi in riƙa shiga da su can. Na je na duba ɗakin, zai ɗauke su. Amma ni ban taɓa cewa to ba alhali a'a nake nufi, kuma yara suna komawa wurin kakanninsu kullum, wata rana wani zai faɗa. In zaman fili bakin hanya ya jawo wannan, ban san abin da zaman ɓoye a ɗakin shara zai jawo ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya sa na rubuto muku. Direkta ya roƙi Ardo ya turo yaran wannan makon a zauna yadda yake so, a gani. Suka zo, har da ɗiyan Buzaye. Na tashi ɗiyan gari na gaba na cakuɗa su, na zaunar da Dikko a layin farko tsakanin Sani da wani. Da lokacin karatu ya yi na rubuta a tabulo wani layi da na tabbata ya iya, ya sha karanta mini irinsa a gindin gawo. Na kira sunansa. Ya miƙe, ya fara, kalmar farko ta fita daidai. Sai daga can baya wani ya yi kukan saniya, ƙasa-ƙasa, da baki a rufe. Aji ya fashe da dariya. Na buga tabur na ce wane ne, babu wanda ya motsa. Na sa layin baya duka suka durƙusa har aka fita hutun rabin safiya, babu wanda ya faɗa. Dikko bai yi kuka ba, bai ɓata fuska ba, ya zauna ya naɗe hannu. Na ce ya ƙarasa, ya dubi tabur. Daga ranar har yau ban sake jin muryarsa ba, shi da sauran duka, sun koma kwafe tabulo da rubutunsu mai kyau. Da aka fita na kira wata yarinya cikin ɗiyan Buzaye mai ɗan sakin baki na tambaye ta. Ta ce Mushe ai tun ajin farko haka ake yi musu, ɗan ruga in ya buɗe baki a yi masa kukan saniya, su kuma a yi musu na raƙumi, sai malami ya juya yana rubutu ake yi. Ta ce a gindin gawo ne kawai babu mai yi. Na yi wa ajin faɗa mai tsanani, na yi musu wa'azi, na ce duk wanda na kama zai gane kurensa. Suka ce to Mushe. Washegari ina juya baya na ji an yi, a hankali, kuma ko da an bar mu da bulala ban san wanda zan buga ba. Zan iya kashe wannan hali, na yi imani, amma ba cikin mako ɗaya ba, wataƙila ba cikin shekara ɗaya ba, kuma ko babu dariya, ba zan iya koyar da baƙi da karatun aji huɗu a ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Jiya Ardo ya zo ba tare da sanarwa ba. Ya tsaya bakin taga ya leƙa, ya ga Dikko a layin gaba kan katako, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Alhaji, shiru, hannu a naɗe. Fuskarsa ta saki. Ya sa aka kawo mini ƙwaryar nono, ya ce wa direkta ga na ubangida amma kada Babarbare ya sha ya shaƙe, suka yi dariya kamar da. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yanzu ka yi daidai, Malam. Ka ga yadda ya zauna da natsuwa. Haka za a ci gaba ko?" Mutumin nan ba maƙiyin karatu ba ne, shi ya kawo yaran, mutuncin mutanensa yake karewa, kuma abin da ya gani a bakin hanya da gaske abin kunya ne, ban musa ba. Amma natsuwar da yake yabo ita ce abin da nake tsoro. Na ce masa ya ba ni zuwa ranar kasuwa. Ya ce babu laifi, zai biyo ta bakin darni.

To ƴan uwa, ga inda nake tsaye. In na ce masa to, yaran za su zauna, kowa zai huta, direkta zai ajiye aikinsa lafiya, su kuma za a yi ta tura su gaba suna kwafe tabulo har su kai aji shida su faɗi jarrabawa, a ce dama ɗiyan ruga ba sa ja, alhali ni na ji Dikko yana karatu da kunnena. In na gaya masa gaskiya cewa sai na ci gaba da fitar da su, shanu za su tashi da su, ɗan abin da suka koya ya bi iska. In na ce to sannan na shiga da su magaza, na zama maƙaryaci a gaban dattijon da ya kama hannuna, kuma ranar da ya gane, ba ajina kaɗai ba, lakwal ɗin duka ba za ta sake ganin ɗan ruga ba. Ina roƙon malamai da suka taɓa riƙe aji irin wannan su gaya mini yadda suka yi. Ina kuma roƙon ƴan uwanmu Fulani da ke cikin zauren nan, ku kun san yadda ake shiga wurin dattijo irin wannan, ku gaya mini ko akwai wata magana da zai saurara wadda ni ban iya faɗa ba, ko wani da ya kamata in tura a madadina. Wanda zai zagi Ardo ko ya zagi wata ƙabila don Allah ya riƙe abinsa, ba shi na zo nema ba.

Ranar kasuwa zai tsaya bakin darni da shanu a bayansa, kuma ba dogon bayani zai tsaya ji ba, to ko a'a yake jira. Don girman Allah, me zan ce masa?